Mai jinya ya gaji da zama ɗan aike tsakanin malaman asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Ka ba ni fili in taɓo wata magana da mu ma'aikatan lafiya muke jin nauyin faɗa a bainar jama'a, wato rashin jituwar da ke tsakaninmu. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma. Na yi aiki a asibitin karkara, na yi a babban asibiti, har na ajiye aiki. Yanzu ba ni da wani ƙarin girma da nake tsoron a hana ni, ba ni kuma da shugaban ƙungiyar da zai ja mini kunne.

Rigimar tsohuwa ce, kowa ya santa. A watan Yulin 2014 ƙungiyar likitoci ta NMA ta shiga yajin aikin da ya kai ƙarshen Agusta, kuma cikin buƙatunta har da cewa kada a ba wanda ba likita ba muƙamin kwansaltan, wato babban ƙwararre a asibiti. A 2018 gamayyar sauran ma'aikatan lafiya, JOHESU, ta durƙusar da asibitocin gwamnatin tarayya tun daga tsakiyar Afrilu har ƙarshen Mayu, tana neman a gyara mata tsarin albashinta na CONHESS kamar yadda aka gyara wa likitoci nasu na CONMESS. Likitoci kuwa suka fito fili suka ce ba su yarda a daidaita su da kowa ba. Tun a 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed don ya sasanta sana'o'in lafiya, kwamitin ya miƙa rahotonsa a ƙarshen 2014, amma ga mu nan har yau ana ta ja-in-ja. Ba na raina maganar albashi. Wadda ta kwana a tsaye kan mai naƙuda ta san haƙƙinta, haka ma likitan da ya yini a ɗakin tiyata ba ci ba sha.

Sai dai faɗan da ake yi a Abuja ba a can yake tsayawa ba. Yana gangarowa har ɗakin marasa lafiya, kuma idan ya iso ba ya zuwa da hayaniya, shiru yake komawa. Likita ya zo zagayen safe da ɗalibansa, ya rubuta a fayil ya wuce. Nas ta rubuta nata a littafin rahoton da likita bai taɓa buɗewa ba. Mai haɗa magani yana can bayan taga, takarda kawai yake gani, bai san fuskar mai ita ba. Na ɗakin gwaji ya fitar da sakamako ya jefa a tire, sai wanda ya zo nema. Mai gashi kuwa, wato mai motsa gaɓoɓin majinyaci, sai an tuna da shi, sau da yawa bayan gaɓa ta riga ta sandare. Zaman ya zama irin na kishiyoyin da ba sa ga-maciji: gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, amma ko gishiri za a ara sai an aiki yaro. A asibiti, yaron nan shi ne mai jinya.

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibitin gwamnati ya san ledar nan da ake yawo da ita: kati, rasit, takardar gwaji, hoton ƙirji, da kwalin maganin da aka sayo aka ce ba shi ba ne. Mai jinya ne ke kai jini ɗakin gwaji, shi ke komawa karɓo sakamako, shi ke farautar likita ya nuna masa. Shi zai gaya wa sista abin da likita ya ce, ya kuma gaya wa likitan dare abin da na safe ya ce. Mutumin da wataƙila bai yi boko ba, bai runtsa ba, ya sayar da akuya ko buhun masara kafin ya zo, shi muka ɗora wa haɗa bayanin da mu masu takardun shaida muka kasa haɗawa. In ya manta ko ya juya magana, sai mu ce ai mutanen ƙauye ba sa jin bayani.

Bari in kawo abin da na gani da idona. An taɓa kwantar mana da wata dattijuwa mai ciwon suga, da gyambo a tafin ƙafa. Likita ya rubuta a yi mata allurar insulin kafin karin kumallo, kuma daidai ya rubuta. Nas ɗin dare ta yi mata allurar da ƙarfe shida, don ta kammala aikinta kafin ta miƙa ɗaki, kuma haka tsarin ɗakin yake. Mai ba da shawara kan abinci ta zo tun jiya ta ce a rage tuwo, a bar koko mai sukari, ita ma ba ta yi ƙarya ba. Amma ɗiyar dattijuwar abin da ta fahimta shi ne kada a ba Inna komai sai an ce a ba ta. Abincin gida kuma a kula ake kawo shi a kan babur, ba ya isowa sai wajen goma. Kafin tara ta yi, Inna ta jiƙe sharkaf da gumi, jiki na rawa, tana sambatu, dangi sun kewaye ta da tofi suna cewa iska ce. Da aka soki yatsa, suga ya faɗi warwas. Aka ɗura mata gulukos ta jijiya, cikin 'yan mintoci ta buɗe ido tana tambayar ina ɗankwalinta. Allah ya sa da sauran kwana.

Da aka zauna bin diddigi, ba a sami wanda ya saɓa wa littafinsa ba. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da zai tambayi ƙarfe nawa abinci ke zuwa, ya gaya wa sauran. Kuma labarin bai ƙare nan ba. Sakamakon gwajin ƙodarta ya kwana biyu a tire, domin ɗanta bai san an ce ya koma ba. A cikin kwanakin nan kuma tana shan diclofenac da aka sayo mata a kyamis na bakin ƙofa saboda zogin ƙafa, maganin da duk wani mai haɗa magani zai hana mai raunin ƙoda da ya ga fayil ɗinta. Bai gani ba, domin a tsarinmu fayil ba ya zuwa wurinsa, shi ma ba ya zuwa wurin fayil.

Irin wannan ya fi yawa a inda cuta biyu suka haɗu a jiki ɗaya, asibiti kuma ya raba su ɗaki biyu. Maganin tarin fuka akwai rifampicin a cikinsa, kuma sanannen abu ne cewa yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a damtse. Ɗakin masu tarin fuka da ɗakin tazarar haihuwa a wasu asibitocin bango ɗaya ne tsakaninsu, amma mace za ta karɓi wannan a nan, ta karɓi wancan a can, sai ga ciki a lokacin da jikinta ya fi kowane lokaci rauni. Ko mai hawan jini da ke shan lisinopril ta sami ciki, ta je awo, ba wanda ya tambaye ta me take sha, alhali maganin yana cutar da ɗan tayi. Katin awo daban, katin hawan jini daban, kowanne da lambarsa. Ilimin kauce wa wannan yana nan cikin ginin, a kan mutane daban-daban da ba sa zama wuri ɗaya.

Kada a ɗauka likitoci kaɗai nake nufi, don na san 'yan'uwana masu farin kaya za su so in ce haka. Gaskiya ne akwai likitan da in nas ta ce masa, "Dakta, yaron nan numfashinsa bai yi mini ba," sai ya kalle ta kamar ta zage shi, ya tambaye ta a ina ta yi karatun likita. Wadda aka yi wa haka sau ɗaya, gobe in ta ga abu sai ta rubuta a littafi ta ja bakinta. Amma mu ma akwai namu. Na ga manyan sistoci suna zuba wa sabon likita ido ya yi kuskuren da kalma ɗaya za ta hana, don kawai a rage masa girman kai, a kan jikin ɗan wani. Na ji "ba aikina ba ne" daga bakin nas, daga bakin na ɗakin gwaji, daga bakin mai ba da kati. Kuma wulaƙancin da muke kukan likita yana yi mana, shi muke juyewa kan ma'aikatan lafiya na al'umma da masu shara da masu tura gado. Mai sharar nan kuwa ita ce ta fi kowa sanin wane majinyaci ne yake zubar da maganinsa a bayan gado, da wace mai jego ce ba wanda ya kawo mata abinci.

To, ba wai ba mu iya aiki tare ba ne. Mun iya, kuma akwai shaida a nan Arewa. Jijjigar masu ciki tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a wurinmu. A da diazepam ake ɗura musu, mace ta yi ta barci, wata ba ta farkawa. A 2008 aka shigo da magnesium sulphate a manyan asibitoci goma na Jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi a kan ƙa'ida guda, aka tabbatar maganin yana nan a ɗakin haihuwa. Mace-macen masu jijjiga a waɗannan asibitoci ya sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3 cikin 100. Maganin ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba.

Wanda bai taɓa tsayawa kan mai jijjiga ba ba zai gane dalilin da ya sa aikin ba na mutum ɗaya ba ne. An shigo da ita a sume, harshe a tattaune, miji na salati. Ɗaya ta juya ta gefen hagu ta gyara mata hanyar numfashi. Ɗaya ta nemi jijiya, a ba ta giram 4 a hankali, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu. A sa robar fitsari. Daga nan duk bayan awa huɗu kafin a ƙara wata allurar sai an ƙirga numfashi, an buga gwiwa an ga tana harbawa, an auna fitsarin da ya taru, domin maganin da ya cece ta shi ne zai iya tsayar mata da numfashi in ƙoda ba ta fitar da shi. Dole calcium gluconate, maganin da ke karya ƙarfinsa in ya yi yawa, ya kasance a kusa, wannan kuwa yana hannun mai haɗa magani tun kafin dare ya yi. Na ɗakin gwaji ya duba jini ya tanadi leda. Likita ya yanke shawarar ko a jira haihuwa ko a shiga tiyata, mai sa barci ya shirya, wani kuma ya tsaya jiran jariri. In ungozoma za ta jira sai likita ya zo ya sa hannu kafin allurar farko, a asibitin da likita ɗaya ke riƙe da dukan ɗakuna, an gama. In likita kuma bai yarda da ƙirgen da ta rubuta cikin dare ba, ba shi da abin da zai gina shawararsa a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 ne suka mutu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Ƙasar da ke da wannan lissafi a kanta ba ta da sararin gardamar wa ya isa ya riƙe sirinji.

Lokacin Ebola ma mun gani. Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya, ya sauka Legas ran 20 ga Yulin 2014, a tsakiyar yajin aikin likitocin da na ambata. Duk da haka aka haɗa likitoci, nas-nas, masu gwaji, masu bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar, direbobi da masu feshi ƙarƙashin cibiya guda, da dabarun da aka koya a yaƙi da shan inna. Aka bi sawun mutum kusan 900, cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka rasu, ran 20 ga Oktoba aka ce Najeriya ta fita. Ana tuna Dakta Stella Adadevoh, likitar da ta duba Sawyer har cutar ta kashe ta, kuma ta cancanci a tuna ta. Ina so a riƙa haɗawa da Justina Ejelonu, ma'aikaciyar jinyar da ita ma ta rasa ranta a kan majinyacin nan guda.

A Zamfara, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum daga 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna da maganin da ke fitar da gubar daga jini, amma ba shi da amfani in yaro zai koma ya yi rarrafe a ƙasar da ta sa masa cutar. Shi ya sa yaran ƙauyen Bagega suka yi ta jira har 2013, sai da masu aikin muhalli suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa, sannan magani ya yiwu. A can mai shebur ne ya buɗe wa likita hanya. Haka in ka leƙa ɗakin masu cutar ƙanjamau a yawancin asibitocinmu, za ka tarar da tsarin da babu irinsa a sauran ɗakuna: fayil ɗaya, mai ba da shawara, mai haɗa maganin da ya san majinyaci da suna, da wanda zai buga waya ko ya hau babur in mutum bai zo karɓar magani ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk waɗannan misalan ko tsoro ne ya haɗa mu, ko mai ba da tallafi daga waje ne ya ce sai an zauna tare kafin ya saki kuɗi. Mai hawan jini da mai suga da mai shanyewar ɓarin jiki ba su da mai tsaya musu haka, kuma su ne suke cika layi kullum.

Inda ɓarakar ta fi faɗi shi ne tsakanin asibitin ƙauye da na birni. Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985, aka gina kiwon lafiya matakin farko a kan ma'aikatan lafiya na al'umma. A 2014 gwamnati ta amince da manufar da ta ba su damar yin wasu ayyukan da a da sai nas ko likita, kamar karɓar haihuwar da ba ta da tangarɗa da ba da maganin tsayar da zubar jini, saboda a ƙauyuka da yawa su kaɗai ne ake da su. Wasu daga cikinmu har yau suna ganin an rage musu daraja da wannan manufa, alhali ko an tura su ƙauyen ba za su zauna ba. Ga yadda abin ke faruwa: yarinya ma'aikaciya ta ga naƙuda ta yi tsawo, ta rubuta 'yar takarda, dangi suka yi karo-karon kuɗin mota. Suna isa babban asibiti, abin da za su fara ji shi ne, "Ku ne kuke riƙe su sai sun lalace ku turo mana." Takardar a kwandon shara za ta ƙare. Ba wanda zai aika wa yarinyar nan cewa matar ta haihu, ko an yi mata aiki, ko ta rasu, ko ga abin da ya kamata ta lura da shi nan gaba. Ba ta koyi komai ba sai tsoron turawa. Gobe sai ta ƙara jinkiri, ko ta ce wa dangi su tafi kawai kada su ce daga wurinta suke. Ungozomar gargajiya kuwa, wadda haihuwar karkara da dama ke bi ta hannunta, ko ƙofar ɗakin haihuwa ba a bari ta tsaya, balle a tambaye ta tun yaushe faya ta fashe.

Gyaran da nake gani ba ya jiran a sasanta CONMESS da CONHESS. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata 'yar takardar tambayoyi da ake bi kafin tiyata. Cikin abin da ta ƙunsa har da kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa, a kuma tambayi nas da mai sa barci ko suna da wata damuwa. Da aka gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, har da Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata ya ragu daga 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Wanda aka nemi ya buɗe baki tun farko, ya fi samun ƙarfin halin cewa "dakata" in ya ga an bar auduga a ciki. A ɗakin kwanciya ma haka ne. Na yi aiki da wani likita, Allah ya jiƙansa, da ba ya fara zagaye sai sistar ɗaki tana gefensa, kuma a kan kowane gado ita yake fara tambaya, "Sista, yaya ya kwana?" Ranar Laraba yakan aika a kira mai haɗa magani da mai gashi su bi mu. Zagayen yana ɗan ƙara tsawo, amma kiran dare ya ragu, kuma dangi sun daina tare mu a baranda suna tambayar wa za su bi, don a gabansu aka yi maganar da Hausa. Da aka yi masa canjin wurin aiki, tsarin ya bi shi, saboda hali ne na mutum ɗaya, ba dokar asibiti ba. Abin da nake roƙon hukumomin kula da asibitoci na jihohinmu ke nan: su mai da shi doka, su kuma sa a cikin abin da ake dubawa kafin ƙarin girma.

Sai makarantu. Asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri duk suna da ɗaliban sana'o'in lafiya iri-iri da ke shiga ɗakuna guda. Dama ce babba a haɗa ɗalibin likita da ɗalibar jinya da ɗalibin haɗa magani a kan majinyaci ɗaya, su gabatar da shi tare, a ba su maki tare. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya take kiran a yi haka. Yaro ɗan shekara ashirin bai zo da gaba daga gidansu ba, a hannunmu yake koyonta, daga habaicin da malamansa ke yi wa ɗaya ɓangaren a aji.

Maganar wa zai shugabanci asibiti, wadda ita ce ƙashin bayan rigimar tun dokar soja ta 1985 kan asibitocin koyarwa, ga ra'ayina a taƙaice. Gano cuta da yanke shawarar magani na likita ne, ban taɓa jayayya da wannan ba. Tafiyar da ɗaki da kula da majinyaci dare da rana na nas ne. In mai haɗa magani ya ce magungunan nan biyu ba sa haɗuwa, maganarsa ce a sama. Kujerar ofis kuwa, mai sayen dizal da biyan 'yan kwangila, a ba wanda ya iya riƙon jama'a da dukiya, ko daga wane ɓangare ya fito. Na ga ƙwararren likitan tiyata da aka ɗaure a kan tebur yana sa hannu a takardun man janareta, marasa lafiya na jiransa. Kuma duk wannan gardama muna yin ta ne a lokacin da matasanmu, likitoci da nas-nas, ke tururuwa zuwa Ingila da Saudiyya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya a jerin da ta fitar a 2023. Waɗanda suka rage ba su kai yawan da za su rabu gida biyar ba.

Akwai abu ɗaya da kwamishinan lafiya na kowace jiha zai iya yi kafin ƙarshen shekara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya matakin farko, kuma wani ɓangare na kuɗin yana isa asibitocin mazaɓu kai tsaye. A buga takardar tura majinyaci mai gida biyu, rabi ya tafi da mara lafiya, rabi ya dawo wa wadda ta tura da bayanin abin da aka samu da abin da aka yi. A ajiye waya ɗaya mai kuɗi a kowane ɗakin haihuwa na babban asibiti, a manna lambarta a bangon duk asibitocin ƙauyen da ke turo masa, don a kira tun mota ba ta tashi ba, a tanadi jini da ɗakin tiyata. Duk wata uku kuma babban likita da matiron, wato shugabar nas-nas, su zauna da ma'aikatan ƙauyukan, a ɗauko takardun nan ɗaya bayan ɗaya a duba, ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma mai ritaya,
Funtuwa, Jihar Katsina.